Yadda ake tantance kuɗin shigan da uwar kamfani ke cire kasonta a harkar kula da gidajen haya a Amurka

Mai son buɗe ofishin kula da gidajen haya a Amurka yana da hanya biyu. Ko ya fara da sunansa, ko ya ari sunan kamfanin da ya riga ya kafu, ya yi aiki da tsarinsa da manhajarsa da tallarsa, yana biyan sa kaso duk wata. Wannan hanya ta biyu ita ake kira faranchayis. Kamfanonin da suka yi suna a kanta sun haɗa da Real Property Management, wanda rukunin Neighborly na Waco a jihar Texas ya mallaka tun 2018, da Property Management Inc. na jihar Utah, da Keyrenter, da All County na Florida. A nan za mu riƙa kiran mai sunan "uwar kamfani", mai aron sunan kuma "mai reshe".

Tambayar farko da kowa ke yi ita ce, kashi nawa suke karɓa? Sai a ce masa 6 ko 7 cikin 100, ya rubuta ya tafi. Alhali tambayar da ta fi cin kuɗi ita ce, kashi 7 na mene ne? A gidan abinci amsar ba ta da wuya, duk abin da ya shiga akwatin ciniki na mai shago ne. Ofishin kula da gidaje kuwa yawancin kuɗin da ke ratsa hannunsa na mutane ne: hayar mai gida, ajiyar ɗan haya, kuɗin mai gyaran famfo. Saboda haka sakin layi ɗaya da ya fayyace ma'anar "jimillar kuɗin shiga" a cikin yarjejeniya ya fi lambar kason nauyi a aljihunka, kuma shi ya kamata ka fara karantawa.

Inda za ka samu ma'anar

Hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, tana da doka kan faranchayis wadda ta fara aiki a 1979, aka yi mata gyara a 2007. Dokar ta wajabta wa uwar kamfani ta ba ka kundin bayani da ake kira FDD aƙalla kwana 14 kafin ka sa hannu ko ka biya ko da dala ɗaya. Kundin yana da sassa 23. Sashe na 5 yana nuna kuɗin da za ka biya da farko don ka shiga tsarin. Sashe na 6 shi ne jadawalin kuɗaɗen da za ka ci gaba da biya, kuma a gurbin ƙarin bayani ko a ƙasan jadawalin ake rubuta ma'anar kuɗin shiga. Kada ka tsaya nan. Abin da ke sashe na 6 taƙaitawa ce, abin da kotu za ta duba shi ne yarjejeniyar kanta, wadda ake liƙawa a bayan kundin a ƙarƙashin sashe na 22. Buɗe su biyun ka ajiye kusa da juna, ka bi su kalma bayan kalma. Idan sun saɓa, nemi a warware maka a rubuce.

Wasu jihohi, kamar Wisconsin da Minnesota, suna ajiye waɗannan kundaye a shafukansu na intanet inda kowa zai iya saukewa kyauta. Da su za ka iya kwatanta kamfani uku ko huɗu tun kafin ka yi magana da wakilin tallar kowa.

Raba kuɗin da ke shiga ofis gida huɗu

Ɗauki takarda ka ja layi huɗu.

Na farko, kuɗin amana. Haya ce da ɗan haya ke biya duk wata (a Amurka wata-wata ake biya, ba shekara ba), da ajiyar da ake karɓa a hannunsa saboda ɓarna, da ɗan kuɗin da mai gida ke bari a ofis saboda gyaran gaggawa. Yawancin jihohi suna buƙatar lasisin dillalin gidaje kafin mutum ya yi wannan aiki, kuma suna wajabta a zuba irin wannan kuɗi a asusun amana na daban. Haɗa shi da kuɗin ofis laifi ne da ke iya jawo ƙwace lasisi. A California, alal misali, dillali bai da ikon barin fiye da dala 200 na kuɗinsa a asusun amana, kuma ladan da ya riga ya samu sai ya fitar da shi cikin kwana 25. Yarjejeniya mai kyau tana faɗa ƙarara cewa kuɗin amana ba ya cikin lissafi. Idan ka ga an rubuta "duk kuɗin da aka karɓa ta kowace hanya" ba tare da an cire wannan ba, to an kwafo kalmomin ne daga yarjejeniyar wata sana'a, kuma dole a gyara. Ba a dogara da cewa "ai kowa ya san abin da ake nufi". Wanda ya faɗa maka haka yau ba lallai ne yana kamfanin ba ranar da odita zai zo.

Na biyu, ladan ofis. Babba a cikinsu shi ne ladan kulawa na wata, wanda a gidajen zama yakan kama daga kashi 8 zuwa 12 cikin 100 na haya. Sai ladan samo sabon ɗan haya, wanda yakan kai rabin hayar wata ko ta wata guda, da ladan sabunta haya, da kuɗin duba gida. Babu jayayya a kan waɗannan, duk kamfani yana cire kasonsa a cikinsu.

Na uku, ƙananan kuɗaɗen da ke fitowa daga aljihun ɗan haya: kuɗin cike takardar neman gida, tarar jinkirin biyan haya, kuɗin ajiye kare ko kyanwa, da abin da wasu ofisoshi ke karɓa duk wata don haɗa wa ɗan haya inshora da matatar iskar na'urar sanyaya ɗaki. Wane ne mai su? Amsar tana cikin yarjejeniyarka da mai gida. Idan tarar jinkiri rabawa kuke yi da shi, rabinka kaɗai ya kamata ya shiga lissafi. Kuɗin takardar neman gida kuma yana da ɗan tarko: ka karɓi dala 50, ka biya kamfanin da ke binciken tarihin bashin mai nema wani ɓangare, amma yawancin yarjejeniyoyi a kan dala 50 ɗin suke lissafi, domin ma'anar "jimilla" ita ce kafin a cire ɗawainiya.

Na huɗu, gyare-gyare. A nan kuɗin yake, a nan rigimar take.

Lissafin wata ɗaya

Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don sauƙin fahimta. Ofis yana kula da gida 150, matsakaicin haya dala 1,500. Hayar da ke ratsa asusun amana a wata dala 225,000 ce. Ladan kulawa na kashi 8 ya zama 18,000. An saka sabbin 'yan haya 6 a kan 750 kowane, 4,500 ke nan. Sabunta haya 5 a kan 200, dubu ɗaya. Takardun neman gida 20 a kan 50, wata dubu ɗaya. Rabon ofis a tarar jinkiri 900. Jimillar lada 25,400.

A watan, masu gyara na waje sun kawo takardun biya na dala 30,000. Ofis ya ɗora kashi 10 na kulawa da aikin, wato 3,000, ya caji masu gidaje 33,000.

Yarjejeniya ta farko ta ce kuɗin shiga shi ne lada da ƙarin da ka ɗora a kan gyara, ban da abin da ka miƙa wa mai gyara. Lissafi a kan 28,400 ne, kashi 7 ya ba da 1,988.

Ta biyu ta ce duk abin da ka caji mai gida da sunan ofis kuɗin shiga ne. Lissafi ya koma kan 58,400, kashi 7 ya zama 4,088. Bambancin dala 2,100 ne a wata, 25,200 a shekara, kuma yarjejeniyoyin nan sukan kai shekara 10.

Ta uku ta raba biyu: kashi 7 a kan lada, kashi 3 a kan dukan kuɗin gyara. Wato 1,778 da 990, jimilla 2,768. Akwai kamfanonin da ke bin irin wannan tsari na kaso biyu, kuma dalilinsu a fili yake, ribar gyara siririya ce.

Yanzu dubi abin da ke ruɗar masu saye. Kamfanin da ke tallar kashi 6 amma da ma'ana ta biyu zai karɓi 3,504 a wannan wata, fiye da mai kashi 7 da ma'ana ta farko da dala 1,516. Mai ƙaramar lamba shi ne mai tsada.

A ƙarƙashin ma'ana ta biyu, kason da ya hau kan gyara kaɗai 2,310 ne daga cikin 3,000 da ka samu. Saura 690. Kuɗin asusun talla na ƙasa baki ɗaya da uwar kamfani ke karɓa, wanda yakan zama kashi 1 ko 2 cikin 100, a kan wannan ma'anar ake cire shi shi ma. Idan kashi 1 ne, an ƙara ɗauke 330, ka rage da 360 bayan ka amsa wayar tsakar dare, ka tura mai gyara, ka bi shi, ka saurari ƙorafin mai gida. Ga ƙa'idar da za ka riƙe: idan jimillar abin da ake cirewa a kan dukan takardar gyara kashi 8 ne, sai ƙarin da ka ɗora ya kai kusan kashi 8.7 kafin ka fita ba riba ba asara. Duk abin da ya gaza haka, daga aljihunka kake biya don an gyara wa wani rufi. Aiki babba ya fi ciwo, domin mai gida ba zai yarda da ƙarin kashi 10 a kan sabon rufi na dala 15,000 ba.

Yadda kuɗin gyara ke tafiya shi ke sauya hukunci

Hanya biyu ake biyan mai gyara. A ta farko, takardar biya tana ɗauke da sunan mai gida, ana biyan ta kai tsaye daga asusun amana, ofis kuma ya cire ƙarinsa a layi na daban. Kuɗin mai gyara bai taɓa shiga asusun ofis ba. A ta biyu, mai gyara yana cajin ofis, ofis ya biya daga asusunsa, sannan ya rubuta wa mai gida sabuwar takarda mai ɗauke da jimilla. A idon akanta, a hanya ta farko kai wakili ne, a ta biyu kuwa kana kama da mai sayar da aikin da kansa. Ƙa'idar lissafin kuɗin shiga ta Amurka, ASC 606, tana da wannan rarrabewar tsakanin wakili da mai abu, amma kada ka ɗauka za ta cece ka. Yarjejeniyar faranchayis tana da ikon yanke tata ma'anar, kuma tata ake bi wajen kaso ko da littafin akantanka ya nuna wani abu dabam. Abin yi shi ne ka tsara hanyar biyanka ta dace da kalmomin yarjejeniya tun ranar farko, ka kuma sa uwar kamfani ta amince da tsarin a rubuce.

Idan ka ɗauki ma'aikatan gyara naka, dukan takardar kuɗin shigarka ce, har da kuɗin fenti da bututu da ka sayo. Tambayi ko ana cire kuɗin kaya. Sau da yawa ba a cirewa.

Wasu sukan yi dabarar buɗe wani kamfanin gyara da sunan matarsu ko ɗan'uwansu don kuɗin ya kauce wa lissafi. Lauyoyin uwar kamfani sun daɗe da sanin wannan. Shi ya sa ake rubuta cewa kuɗin shiga ya haɗa da na duk kamfanin da kai ko iyalinka ke da hannu a ciki muddin yana yi wa gidajen reshen aiki. Nemi kalmar da ke nufin kamfani mai alaƙa da kai, ka ga inda aka ja iyakarta. Yin hakan a ɓoye yakan shiga cikin laifuffukan da ke ba su damar soke yarjejeniya ba tare da wa'adin gyara kuskure ba, kuma sashe na 17 zai nuna maka jerinsu.

Yaushe kuɗi ke zama kuɗin shiga

Wasu yarjejeniyoyi suna lissafi ranar da kuɗi ya shigo hannu, wasu ranar da ka rubuta takardar biya, ko an biya ka ko ba a biya ba. A ladan kulawa bambancin kaɗan ne, tunda daga hayar da aka karɓa kake cirewa. A tarar jinkiri kuwa babba ne, domin manhaja tana ɗora tarar da kanta ranar da wa'adi ya wuce, kuma da yawa ba a taɓa karɓar su, musamman daga ɗan hayar da ake shirin fitarwa. Idan ana lissafi a kan abin da aka rubuta, za ka biya kaso a kan kuɗin da ba ka gani ba. Nemi a sa cewa lissafi yana kan abin da aka karɓa, ko kuma a ba ka damar cire bashin da ya mutu a watan da ka share shi.

Haka nan kuɗin da ka mayar. Ofisoshi da yawa suna yi wa mai gida alkawarin cewa idan ɗan hayan da suka saka ya fita kafin wani lokaci, za su mayar da lada ko su saka wani kyauta. Idan uwar kamfani ce ta sa wannan alkawari a tallarta, adalci shi ne a cire abin da aka mayar daga lissafi.

Abubuwan da aka saba cirewa, da waɗanda aka saba sakawa

Harajin ciniki da harajin masauki da ka karɓa don miƙa wa hukuma ana cire su, da sharaɗin ka miƙa da gaske. Kuɗin sayar da tsohuwar motar ofis ko kujeru ma galibi ba ya ciki. A ɗaya ɓangaren, diyyar inshora ta tsayawar kasuwanci ana yawan saka ta, da hujjar cewa ta maye gurbin kuɗin da da an samu. Aikin musaya ma ana ƙiyasta shi da farashin kasuwa, misali ka kula da gidan akanta kyauta shi kuma ya riƙe maka littafi. Gidajenka na kanka da reshen ke kula da su suna buƙatar magana ta musamman: wasu kamfanoni suna ɗauka kamar ka caji kanka lada.

Ladan sayar da gida wuri ne da ake yawan mantawa. Kana da lasisin dillali, mai gidan da kake kula wa ya ce ka sayar masa. Gida na dala 300,000 a kan lada kashi 3 ya ba da 9,000, kashi 7 na wannan 630 ne. Idan kana da ofishin dillanci tun kafin ka shiga tsarin, sa a rubuta sunansa a cire shi. Haka wanda ya zo da gidaje 80 da yake kula da su tuntuni: ya nemi rangwame a kansu, domin ba sunan uwar kamfani ne ya kawo su ba.

Gidajen kwana kaɗan da ake tallatawa a Airbnb ko Vrbo suna da nasu ruɗanin. Baƙo ya biya kuɗin kwana, da na shara, da haraji, dandalin ya cire nasa. Kuɗin shara shi ne abin lura, domin yana shiga hannunka ya fita zuwa hannun masu shara kusan gaba ɗaya. A harkar kula da ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa kuma, kuɗin da mazauna ke biya na ƙungiya ne, ladanka kaɗai ne naka. Kamfanin da ke aiki a ɓangarori da yawa, kamar Property Management Inc. mai gidajen zama da na kasuwanci da ƙungiyoyi da gidajen kwana kaɗan, sai ka duba ma'anar kowane ɓangare daban.

Mafi ƙarancin kaso

Yawancin yarjejeniyoyi suna cewa ka biya kaso ko wani tsayayyen adadi, duk wanda ya fi yawa. Ɗauka adadin dala 500 ne, kai kuma a shekarar farko gida 20 kake da su. Ladanka 2,400, kashi 7 nasa 168, amma 500 za ka biya, wato kusan kashi 21 cikin 100. Duba watan da wannan ke fara aiki da yadda yake hawa shekara bayan shekara. Idan kuma kason yana sauka ne in kuɗin shiga ya wuce wani mataki, tambayi ko sauƙin ya shafi dukan kuɗin ko abin da ya haura matakin kaɗai, da kuma ko ƙirgar tana komawa sifili duk farkon shekara.

Rahoto da binciken asusu

Uwar kamfani takan wajabta manhaja guda, irin su AppFolio ko Buildium ko Rent Manager, kuma sashe na 11 zai gaya maka ko tana iya shiga bayananka kai tsaye. Daga nan take ciro lamba ta zare kuɗinta daga bankinka. Kuskuren da ya fi yawa yana faruwa ne a jerin asusun manhajar: ma'aikaci ya saka kuɗin da mai gida ya mayar maka na kayan gyara a ƙarƙashin kuɗin shiga, sai ka biya kaso a kan kuɗinka. Ko akasin haka, ya saka tarar jinkiri a asusun mai gida alhali taka ce, sai ka gaza biya ba ka sani ba. Zauna da akanta ka liƙa wa kowane layi alama, wannan yana ciki, wannan ba ya ciki, ka aika wa uwar kamfani kwafi. Duk wata ka daidaita abu uku: takardar banki ta asusun amana, jimillar littafin manhaja, da jimillar abin da kowane mai gida da ɗan haya ke da shi.

Sharaɗin binciken asusu yakan ce idan aka samu ka rage rahoto da kashi 2 cikin 100 ko makamancin haka, kai za ka biya kuɗin odita, da cikon kason, da ruwa a kansa. A misalinmu, wanda ya yi rahoton 28,400 alhali yarjejeniyarsa tana nufin 58,400 ya rage fiye da rabi, kuma idan shekara 3 aka bincika, bashin kaso kaɗai ya kai dala 75,600.

Gwajin da za ka yi kafin sa hannu

Rubuta wata ɗaya irin na sama da lambobin garin da za ka yi aiki, layi-layi, har da babban aikin rufi guda da ladan sayar da gida guda. Aika wa wakilin kamfanin ka ce ya lissafa maka duk abin da za ka biya a watan. Amsarsa ta zo a rubuce, kuma duk abin da ya saɓa wa yarjejeniya a rubuta shi a ƙarin takarda mai sa hannu a liƙa wa yarjejeniyar, domin kusan kowace yarjejeniya tana da layin da ke cewa alkawarin baki ba ya aiki.

Sannan koma sashe na 19, inda wasu kamfanoni ke nuna abin da rassansu ke samu. Doka ba ta tilasta musu cike shi ba. In sun cike, duba ko lambar da suka nuna ta haɗa da dukan kuɗin gyara. Reshe mai kuɗin shiga 58,400 da mai 28,400 suna iya zama reshe ɗaya, kamar yadda ka gani.

Sashe na 20 yana ɗauke da sunaye da lambobin masu rassa na yanzu da waɗanda suka fita a shekarar da ta wuce. Kira aƙalla 10, har da waɗanda suka fita. Tambaye su a kan wace lamba aka zare musu kaso a watan jiya, yaya suke biyan masu gyara, ko an taɓa bincikar asusunsu, kuma a kan wane layi aka yi gardama. Daga nan ka kai kundin da amsoshin wurin lauyan da ya ƙware a faranchayis a jihar da za ka buɗe ofis, tun kwana 14 ɗin ba su ƙare ba.